Trowulan: Kufan Birnin Majapahit da Shaidar Duwatsun Kabari

1. Gabatarwa

Sunan Jawa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Alhazai sun daɗe suna haɗuwa da mutanen wannan tsibiri a Makka da Madina, 'yan kasuwar atamfa kuwa sun san cewa daga can ne Turawan Holan suka kwaikwayo rinin zane da kakin zuma. Amma tarihin tsibirin, musamman yadda mutanensa suka tashi daga bin addinin Hindu da na Buda suka rungumi Musulunci, abu ne da ba a cika tattauna shi da harshen Hausa ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a kai mai karatu ziyara wani ɗan ƙaramin gari mai suna Trowulan, a gabashin Jawa ta ƙasar Indonesiya, wanda yake zaune a kan kufan babban birnin daular Majapahit. Za a zaga wuraren tarihi da ke kewaye da garin, sa'an nan a auna shaidu iri uku da suka yi magana a kansa, watau waƙar fada, da littafin tarihin sarakuna, da kuma rubutun da ke jikin duwatsun kabari. Abin da za a nuna shi ne, labarin da ya shahara, cewa Musulmin gaɓar teku sun far wa Majapahit a 1478 sun rushe ta dare ɗaya, bai yi daidai da abin da ƙasar Trowulan ta adana ba.

2. Garin da yadda aka gano kufansa

Trowulan yana cikin gundumar Mojokerto, kimanin kilomita 60 kudu maso yamma da birnin Surabaya, a kan babbar hanyar da ta nufi Jombang. Kogin Brantas yana arewa da shi, manyan duwatsu masu aman wuta kuma suna kudu, su ne suka ba ƙasar wurin albarkar noma. Matafiyin da ba a gaya masa ba zai iya wuce garin bai ga komai ba sai gonakin shinkafa da rake, da 'yan shaguna a bakin titi, da hayaƙin matoyar tubali. Duk da haka, filin da ake tono kayan da a cikinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 100.

Bayan da birnin ya mutu, daji ya rufe shi har na tsawon ƙarnuka. A 1815, zamanin da Ingila ta riƙe Jawa na ɗan lokaci, Gwamna Stamford Raffles ya aiki wani ma'aikaci mai suna Wardenaar ya auna wurin ya zana taswirarsa, aka kuma yi amfani da rahotonsa a littafin tarihin Jawa da Raffles ya buga a 1817. Bincike mai tsari bai kankama ba sai a 1924, lokacin da wani magini ɗan Holan, Henri Maclaine Pont, ya haɗa kai da hakimin Mojokerto, Kromodjojo Adinegoro, suka kafa ƙungiyar binciken kayan tarihin Majapahit. Kayan da suka tara su ne tushen gidan tarihin da aka mayar wurin da yake yanzu a 1987.

3. Kafuwar daular

A 1292 Jayakatwang na Kediri ya yi tawaye ya kashe Kertanagara, Sarkin Singhasari. Shi Kertanagara ya riga ya ja wa kansa fushin Kublai Khan, Sarkin Mongol da ke mulkin ƙasar Sin, domin ya wulaƙanta manzonsa. Da rundunar jiragen ruwan Mongol ta iso Jawa a 1293 don ɗaukar fansa, sai ta tarar wanda ta zo hukuntawa ya mutu. Surukin marigayin, Raden Wijaya, ya haɗa kai da baƙin suka ci Jayakatwang da yaƙi, sa'an nan ya juya musu baya ya fatattake su suka koma jiragensu. A wannan shekara aka naɗa shi sarki a sabon garin da ya sara a daji. An ce sunan garin ya samo asali ne daga wani ɗan itace da ake kira maja, wanda mutanensa suka ɗanɗana suka ji shi da ɗaci, ɗaci kuwa shi ne pahit a harshensu.

Daular ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarauniya Tribhuwana, daga 1328 zuwa 1350, da ɗanta Hayam Wuruk, daga 1350 zuwa 1389. Wanda ya riƙe ragamar mulki a yawancin wannan lokaci shi ne Waziri Gajah Mada, wanda ya rasu a 1364. Arzikin daular ya dogara ne a kan abu biyu: shinkafar kwarin Brantas, da cinikin kayan yaji. Ana ɗaukar shinkafa zuwa tsibiran Maluku a musanyo ta da kanumfari da sauran kayan ƙamshi, a kawo su tashoshin Tuban da Gresik, inda fatake daga Sin da Indiya da ƙasashen Musulmi suke jiransu. Ya kamata a riƙe wannan batu na tashoshin jiragen ruwa, domin za a dawo kansa.

4. Zagayen kufai

Wuraren tarihin suna warwatse a ƙauyuka da gonaki, amma ba su da nisa da juna, mai keke ko babur zai iya gama su a yini guda. Na farko da za a tarar in an fito daga wajen Mojokerto shi ne Wringin Lawang, ƙofa ce ta jan tubali mai tsawon fiye da mita 15, wadda aka gina kamar hasumiya guda da aka tsaga gida biyu aka ja kowane ɓari gefe. Ba ta da rufi, ba ta da ƙyaure. Can kudu maso gabas akwai Bajang Ratu, ita kuwa ƙofa ce mai rufi, siririya, tsawonta mita 16 da rabi, an ƙawata ta da sassaƙe-sassaƙe. Masana da yawa suna danganta ta da tunawa da Sarki Jayanegara, wanda ya rasu a 1328. Abin lura a ginin duka shi ne yadda aka haɗa tubalan: ana goga ɗaya a kan ɗaya da ɗan ruwa har su manne, ba tare da an sa kwaɓi mai kauri a tsakani ba.

Kusa da Bajang Ratu akwai Candi Tikus, watau ɗakin ibadar ɓeraye. An ba shi wannan suna ne saboda a 1914 manoma da ɓeraye suka addaba sun bi su har wani tudu da suka yi sheƙa a ciki, da aka tone tudun sai ga wurin wanka na ibada a ƙarƙashin ƙasa, da matakala, da mazurarai, da wani gini a tsakiya mai siffar dutsen Mahameru, wanda mabiya Hindu suke ɗauka mazaunin allolinsu. A yammacin garin kuma akwai Candi Brahu, hasumiya mai kimanin mita 25, wadda siffarta ta nuna ta mabiya Buda ce. An tsinci wani rubutun tagulla na shekarar 939 kusa da ita, abin da ya nuna cewa akwai mutane a wannan wuri tun kafin a kafa Majapahit da ƙarni uku da rabi.

A tsakiyar yankin akwai Segaran, tafki ne da aka gina wa bango da tubali, tsawonsa mita 375, faɗinsa mita 175, Maclaine Pont ya gano shi a 1926. Mutanen wurin suna ba da labari cewa in sarki ya gama liyafa da jakadu, sai a watsa akusan zinariya cikin tafkin don baƙi su ga ƙasaita. Masu bincike sun fi ganin cewa matattarar ruwa ce don rani. Gidan tarihi yana daura da tafkin, a cikinsa kuma ake ganin rayuwar talakan birni: tukwane, da bututun ruwa na yumɓu, da zobban rijiya, da fasassun tangaran na Sin da Biyetnam da Siyam, da kwabban tagulla na Sin masu huda a tsakiya, waɗanda suka zama kuɗin ƙasar tun wajen 1300. Har da asusu na yumɓu masu siffar alade, shaidar cewa kuɗi sun shiga hannun kowa.

Gidajen birnin na katako ne, don haka ba abin da ya rage sai harsashi da ƙofofi da tafkuna. Har yau masana ba su haɗu a kan ainihin wurin da fadar take ba. Wannan ne ya sa ake komawa ga rubutattun shaidu.

5. Waƙar Prapanca

Shaida ta farko waƙa ce da tsohon harshen Jawa, mai babi 98, wadda wani babban jami'in addinin Buda a fada mai laƙabi Prapanca ya gama a 1365. Sunan da ya ba ta shi ne Desawarnana, watau bayanin garuruwa, amma an fi saninta da Nagarakretagama. An samo ta ne a 1894, lokacin da sojojin Holan suka ci fadar Cakranegara a tsibirin Lombok, wani masanin harshe mai suna Brandes ya tsamo ta daga cikin ganima. A kan ganyen wani irin giginya aka rubuta ta. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin muhimman rubuce-rubucen duniya a 2013.

Waƙar ta siffanta fada da dogayen katangunta na jan tubali, da dandalinta, da gidajen 'yan sarki da na malaman Shiwa da na Buda. Ta ba da labarin rangadin da Hayam Wuruk ya yi a gabashin ƙasar a 1359, zango bayan zango, da babban bikin tunawa da kakarsa a 1362. Ta kuma jera sunayen ƙasashen da ta ce suna ƙarƙashin Majapahit, tun daga Sumatara da zirin Malaya har tsibiran gabas mai nisa. Theodore Pigeaud, wanda ya fitar da sharhinta cikin juzu'i biyar tsakanin 1960 da 1963, ya fahimci cewa birnin tarin gidaje ne masu katanga, da filaye a tsakaninsu.

Duk wanda ya saba da waƙar fada ya san ƙa'idarta: mawaƙi yana faɗin gaskiya a kan abin da idonsa ya gani, yana kambama abin da ke nesa, yana kuma yin shiru a kan abin da bai dace da martabar ubangidansa ba. Saboda haka ne C.C. Berg da wasu suka yi shakkar jerin ƙasashen nan, suna ganin yawancinsu abokan ciniki ne masu aiko da gaisuwa, ba talakawan da ake mulka kai tsaye ba. Shirun da ya fi muhimmanci ga wannan maƙala kuwa shi ne, a cikin babi 98 ɗin nan Prapanca bai ambaci Musulunci ba. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai ce babu Musulmi ko ɗaya a birnin.

6. Maƙabartar Troloyo

Kimanin kilomita biyu kudu da tafkin Segaran, a ƙauyen Sentonorejo, akwai wata tsohuwar maƙabarta mai suna Troloyo. A yau motoci suna sauke masu ziyara dare da rana a kabarin da ake dangantawa da Shehu Jumadil Kubra, wanda al'adar Jawa ta ɗauka kakan wasu daga cikin waliyyai tara da aka ce su suka musuluntar da tsibirin. Amma abin da ya fi jan hankalin masanin tarihi 'yan gajerun duwatsun kabari ne da ke gefe, waɗanda yawancin masu ziyara ba sa tsayawa a kansu.

Masanin rubutun duwatsu ɗan Faransa, Louis-Charles Damais, ya yi nazarinsu ya buga sakamakon a 1957. A fuska ɗaya ta dutsen akwai rubutun Larabci, kalmar shahada ko ayar Alƙur'ani ko addu'a. A ɗaya fuskar akwai shekara, da lambobin tsohon rubutun Jawa, bisa lissafin Saka na ƙasar Indiya, wanda ake ƙara wa 78 a sami shekarar Miladiyya. Shekarun sun kama daga 1298 zuwa 1533 na Saka, watau daga 1376 zuwa 1611. Akwai kuma wani dutse a Trowulan mai shekarar 1290 ta Saka, watau wajen 1368, shekara uku kacal bayan Prapanca ya ajiye alƙalami.

Abubuwa uku suka sa Damais ya ce mamatan 'yan ƙasa ne, kuma manya. Na farko, baƙon Balarabe ko Ba'indiye da Hijira zai yi lissafi, kamar yadda aka yi a kabarin Malik Ibrahim na Gresik, mai shekarar 822 ta Hijira, watau 1419. Na biyu, a Larabcin akwai kurakuran rubutu irin na mai sassaƙar da ke kwafar abin da bai iya karantawa ba. Na uku, wasu duwatsun suna ɗauke da tambarin rana mai tsinkaye, wanda alama ce ta gidan sarautar Majapahit, ga shi kuma maƙabartar tana cikin yankin da ake kyautata zaton fadar take. Wasu manazarta na farko sun zaci tsofaffin duwatsun gini ne aka kwaso daga baya aka yi musu rubutun Larabci. Damais ya ƙi wannan ra'ayi, domin siffar duwatsun da adonsu sun nuna cewa tun farko don kabari aka sassaƙa su, masana irin su M.C. Ricklefs kuma sun bi bayansa.

Akwai shaida daga waje da ta ƙarfafa wannan. Ma Huan, wani Musulmi ɗan ƙasar Sin da ya yi tafinta a jiragen Zheng He tun daga 1413, ya rubuta cewa daga Surabaya ake bin kogi zuwa kasuwar Canggu, sa'an nan a yi tafiyar yini da rabi a ƙasa zuwa birnin sarki. Ya ce mutanen ƙasar kashi uku ne: Musulmi fatake daga yamma, da 'yan Sin waɗanda da yawansu Musulmi ne, da kuma 'yan ƙasa masu bin addinin iyayensu. Ke nan hanyar da kanumfari da kwabban tagulla suka bi suka shiga fada, ita ce Musulunci ya bi.

7. Labarin faɗuwar birni

Shaida ta uku ita ce Babad Tanah Jawi, littafin tarihin sarakuna da aka tsara a fadojin Mataram daga ƙarni na 17 zuwa gaba. A cikinsa aka ce Raden Patah, ɗan Sarki Brawijaya na ƙarshe, ya kafa garin Musulmi a Demak, sa'an nan ya yaƙi mahaifinsa ya ci Majapahit. Al'adar Jawa ta sa wannan a shekarar 1400 ta Saka, watau 1478. Lambar kanta abin tuhuma ce, domin marubutan fadojin Jawa sun yi imani cewa a kan kowane sabon ƙarni daula take faɗuwa wata ta tashi.

Rubuce-rubucen duwatsu na 1486 sun nuna wani sarki mai suna Girindrawardhana Ranawijaya, mabiyin Hindu, yana kiran kansa Sarkin Majapahit da Janggala da Kediri, shekara takwas bayan ranar da aka ce daular ta mutu. Tome Pires, ɗan Fotugal da ya yi rubutu a Malaka tsakanin 1512 da 1515, ya ce sarakunan gaɓar Jawa Musulmi ne, amma babban sarkin tsakiyar ƙasa ba Musulmi ba ne, yana kuma zaune a Daha, watau Kediri. Sai wajen 1527 Demak ta ci wannan ragowar daula. Abin da ya fi dacewa da waɗannan shaidu shi ne, rikicin 1478 na cikin gida ne tsakanin 'yan sarki, irin wanda ya riga ya raunana daular tun yaƙin basasa na 1404 zuwa 1406, ga kuma tashin Malaka da ya janye mata ciniki.

Marubutan Mataram suna da dalilinsu na tsara labarin haka. Sarakunansu Musulmi ne, amma suna so a san su a matsayin magadan Majapahit, don haka suka mai da sauyin addini rikicin uba da ɗa, sarauta ba ta fita gida ba. A nan sun taɓo wata gaskiya, domin gine-ginen Musulmin farko sun gaji na Majapahit. Masallacin Kudus, wanda aka kafa a 1549, yana da hasumiyar jan tubali da tsagaggun ƙofofi irin Wringin Lawang, a masallacin Demak kuma akwai ginshiƙai takwas da ake cewa daga Majapahit aka kawo su.

8. Halin da kufan yake ciki

Indonesiya ta gina martabarta a kan sunan Majapahit. Taken ƙasar daga wata waƙa ta Mpu Tantular ta ƙarni na 14 aka ɗauko shi, jami'ar da aka kafa a Yogyakarta a 1949 sunan Gajah Mada take ɗauke da shi, tauraron sadarwa na farko da ƙasar ta mallaka a 1976 kuma an sa masa suna Palapa don tunawa da rantsuwar wannan waziri. Amma kufan da kansa ya sha wuya. Shekaru da yawa masu yin tubali suna hayar gonaki suna kwashe ƙasar sama, wadda a cikinta harsashin gidaje da rijiyoyi suke, tsofaffin tubalan da suka tono kuma a sayar ko a niƙa su. Ba mugunta ke sa su ba, abin da za a ci ne. A ƙarshen 2008 gwamnati da kanta ta fara gina wata cibiyar baje kolin tarihi a kusa da gidan tarihin, ginshiƙan kankare suka fasa tsofaffin gine-ginen da ke ƙasa, sai da masana suka yi ca aka dakatar da aikin a farkon 2009. A shekarar ce aka sa Trowulan cikin jerin wuraren da Indonesiya take neman UNESCO ta amince da su, a ƙarshen 2013 kuma aka ayyana shi yankin tarihi na ƙasa.

9. Kammalawa

An ga cewa kowace shaida tana da iyakarta. Prapanca ya ga fada da idonsa amma ya yi shiru a kan Musulmin da ke cikinta. Marubutan Babad sun san cewa addini ya sauya, amma sun dunƙule aikin shekara ɗari da hamsin suka mai da shi yaƙi guda. Duwatsun Troloyo ba su faɗi sunayen yawancin masu su ba, amma sun ba da shekara, shekarar kuwa ta nuna cewa tun Hayam Wuruk yana kan gado ake binne manyan Jawa da kalmar shahada a kusa da fadarsa. Ba don an adana waɗannan 'yan duwatsu ba, da babu abin da za a gyara waƙa da littafi da shi. Sauran amsoshin, kamar wurin fadar da unguwannin da Musulmin suka zauna, suna cikin ƙasar gonakin Trowulan, kuma abin da matoya ta riga ta ci ba mai dawo da shi.